Dutse na bakwai yana wajena

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina wanke kofunan shayi Tahani ta leƙo ta katanga ta ce Ustaza Nafisa ta rasu.

Malamarmu ta jugurafiya. Kwana huɗu kacal ta yi a kwance.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Tahani da muke benci ɗaya. Dutse na bakwai yana wajena. Ni na ɗauke shi.

Wanda bai yi karatu a wajenta ba, bari in gaya masa. Ustaza tana da wani gwangwanin tahniya, alawar riɗi, cike da duwatsu, kowanne ta sa masa lamba da jan farce. Daga tsaunukan Ingasana ta tsinto su, can wajen Damazin inda aka haife ta. Mu 'yan Jazira ina muka san dutse? Baƙar laka ce ƙasarmu, ko na jifan kare sai ka nema.

Ranar farko ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wanga daga ƙasan bahar ya fito. Bahar ɗin da ya ɓace."

To mu nan in an ce bahar, kogin Nilu ake nufi. Gabana ya faɗi. Ni da ba na magana a aji, na ɗaga hannu na ce, "Ustaza, in ya ɓace da mi Baba zai ba hawasha, gonarmu, ruwa?"

Aji ya kwashe da dariya. Tahani ta ce, "Kai Ihlas! Ba jiya kika yi wanki a bakinsa ba?"

Ustaza ba ta yi dariya ba. Ta ce, "La la, ya bitti, ɗiyata, ba naku ba. Wani ne mai gishiri, ya fi Maliya faɗi, tun ba a yi mutum ba, ba a yi ko kifi ba."

A bayan wata tsohuwar kalanda take zana taswirarsa. Takan jera duwatsun a kai ta ce kowanne yana faɗin inda ya zauna, wannan a ƙasan ruwa, wancan a tsibiri mai aman wuta. Shekaru tana harhaɗawa, ba ta gama ba.

Wata rana ta kama ni da littafin soyayya a cikin littafin darasi. Ba ta ƙwace ba. Ta sunkuyo ta ce, "Masoya kike so? Ƙasa biyu ne, ruwa a tsakaninsu. Suna ta matsowa a hankali, kamar tsirowar farce. Ranar da suka haɗu, bahar ya rasa wurin zama. Ɗan abin da ya rage nasa suka matse, ya hau sama ya zama tsauni."

Ni bahar ɗin na tausaya wa.

Ranar na ɗauki na bakwai. Kore ne, mai santsi kamar sabulu. Wallahi ban san dalili ba. Nakan zauna a gindin dalbejiya in kara shi a kunne ko zan ji ruwa. Ban taɓa jin komai ba, amma ban daina ba.

Da ta ga gurbinsa a kalanda, cewa kawai ta yi, "Bakwai ya tafi yawo."

Na rubuta mata wasiƙar ban haƙuri, shafi uku. Shekara guda tana ninke a cikin wancan littafin. Sau nawa ina zuwa ƙofar ofis in juyo.

Ganinmu na ƙarshe a bakin tur'a ne, hanyar ruwan gonaki, tana jiran raksha mai ƙafa uku zuwa garin Hajj Abdalla, ni ina ɗauke da abincin Baba. Na gaishe ta kaina a ƙasa. Har ta sa ƙafa ta waiwayo ta ce, "Ihlas, ki riƙa jiƙa shi da ruwa. Ya fi kore in ya jiƙe."

Ashe ta sani tun tuni.

Raksha ta tafi.

Tahani ta ce ƙanwar Ustaza ta iso daga Damazin, bayan sadakar uku za ta koma da gwangwanin da kalandar, ta kai wa wata da suka yi karatu tare da Ustaza ko za ta ƙarasa taswirar. In ban kai dutsen ba, da gurbi za ta tafi.

Na san gidan cike yake da mata, na san za a kalle ni. Bayan la'asar zan je. Zan miƙa wa ƙanwar tata wasiƙar yadda take, ba zan sake ko kalma ɗaya ba.

Allah Ya gafarta miki, Ustaza, Ya yalwata kabarinki fiye da bahar ɗinki, Ya shayar da ke daga Alkausara.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu. Ni ma ku sa ni a ciki, kada in juyo daga ƙofa wannan karon.

Na jiƙa shi yanzu. Da gaske ya fi kore.