Ranar da Aka Yi Mini Likkafani

Ranar Asabar ta ƙarshen shekarar lakwal, wato makarantar boko, ina aji biyar a Maraɗi, aka naɗe ni da farin yadi aka shimfiɗe ni a kan tebura biyu. Wasan kwaikwayo muke yi a gaban iyaye, na wani malami da ya ja garinsa yaƙi da bakinsa kawai. Sanusi ɗan Tsibiri ne malamin, yaro mai murya, in ya ɗaga hannu har mu da muka san ƙarya ce tsigar jikinmu sai ta tashi. Ni kuwa da ba na iya riƙe hadda, aka ba ni gawa. Malamin ajinmu, Mushe Idi (a lakwal Mushe ake ce wa malami), ya ɗaure ni tamau a ƙafa da ƙirji, ya ce, "Gawa ba ta motsi, ko kunama ta harbe ta."

Ba wanda ya tuna da kakata. Ta zo daga Jiratawa da kwandon zogalenta, ta sayar a kasuwa, ta biyo don ta ga mijinta, haka take tsokanata. Bara ta ga an fita da mahaifina cikin irin wannan yadin. Ina kwance, gumi na shiga idona, yadi na manne mini a hanci, na ji kukanta ya keta taron. Na yunƙura, igiya ta hana. Na yi magana, tafi ya haɗiye ta. Tsoro ya kama ni sosai, don ita fiye da don kaina.

Sanusi bai daburce ba. Ya dafe ƙirjina da ƙarfi, ya juya gare ta, ya ce, "Inna, ki yi murna! Shahidi ne, Aljanna ya tafi!" Wuri ya ɗau kabbara, har da dattawa. Sai na ji takunta a kan katakon dandamali, na ji yatsunta masu kaushi suna kwance ƙulli. Ta ce, "Kai mai daɗin baki, in Aljannar kake so, zo ka kwanta. Nawa kam gida za shi."

Yau kakata ta daɗe a ƙasa. Masu daɗin baki sun yi yawa, a waya muke jin su, ƴaƴan mutane na bin su daji ba su dawowa. Nakan saurara ko wata tsohuwa za ta hau dandamali. Har yanzu tafi kawai nake ji.