Ranar da Tasi'u Ya Hana Ni Zubi

A wannan watan ne Tasi'u ya cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Sunana Haladu, maƙerin tukwane ne ni a Kwanar Dangora, kuma hannuna ya fi sabawa da awartaki a kan biro, saboda haka mai karatu ya yi min haƙuri. Abin da ya sa na rubuto shi ne wata magana da ta daɗe tana cina. Shekara da shekaru ina karɓar yabon da ba nawa ba, mai shi kuwa har ya koma ga Allah ban taɓa buɗe baki na faɗa wa kowa ba.

Tasi'u taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma duk sunan da ya san zai ƙona min rai shi yake laƙaba min. Ya yi makarantar koyon sana'a, ya samu aiki a wata masana'anta a Kano inda ake zuba kayan inji da alminiyam, wanda mu a nan muke ce wa dalma. Aikinsa a can guda ɗaya ne tak. Kafin a zuba narkakken ƙarfe shi zai ɗebi kaɗan ya gwada, ya ce a zuba ko kada a zuba. Ranar da ya ba ni labari na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ashe ɗanɗana miya ya tafi yi a birni. Da masana'antar ta rufe sai ya kwaso iyalinsa ya dawo gida ya kama noman masara. In ya taso daga gona, rumfata yake zuwa ya zauna ya sa min ido.

Ya dawo ne daidai lokacin da rumfar ke neman durƙushewa a hannuna. Ta gado ce. Mahaifina ya yi suna da ita har Doguwa, ana cewa tukunyarsa sai dai a gaji da ita a bayar. Ni kuwa nawa tukwanen gumi suka fara. A zuba ruwa a ɗora a murhu, sai a ji wuta tana cus-cus, ɗigo yana sauka ta kafofin da ido ba ya gani. Matan kasuwar Tudun Wada suka riƙa dawo min da su ɗaya bayan ɗaya, wata har da miyar a ciki don in gani da idona. Tasi'u bai ɓata lokaci ba ya naɗa ni Sarkin Rariya, kuma sunan ya bi ni. Na zargi ƙasar zubi, na canza ta. Na zargi masu kawo min gwangwanaye da fasassun kayan mota. Ba zan ɓoye ba, har hannun maƙiya na zarga, na karɓo rubutu na yayyafa a rumfa.

Shi ya ce min duk ba su ba ne, ƙarfen ne yake shan iska. Danshin jikin gwangwani, da na gawayi, da na ludayi, har da na iskar damina, in ya haɗu da narkakken alminiyam sai ya saki wata iska da ake kira haidirojin, ƙarfen ya shanye ta. In ya zo daskarewa ba ya iya riƙe ta, sai ta bar ƙananan ramuka a cikin naman tukunya. Kuma gwargwadon zafin da ka ba shi, gwargwadon yadda yake sha. Nan fa ya taɓo ni, don ni a wurina ƙarfe kamar ganda ne, sai ya daɗe a wuta yake dahuwa. In damina ta zo ma ƙara masa wuta nake, in bar shi har ya yi ja, in sa sanda in ta tuƙa shi. Na ce ai haka na ga mahaifina yana yi. Ya ce in tuna da kyau, Kawu da damina gona yake tafiya, ba ya hura wuta sai kaka, ni ne haɗama ta sa na mai da zubi shekara zagaye. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na ji haushi. Na ce masa bawa ba ya koya wa ubangidansa sana'ar gado.

Bai tsaya musu da ni ba. Bayan kwana biyu sai ga shi da kwamfaresar tsohon firji a bayan keke, da guntun bututu mai faɗi wanda mai walda na kusa da mu ya toshe wa gindi, da murfin da ya yi wa baki da robar tif ɗin taya. Ya jawo wutar lantarki daga wurin mai waldar. Ya ɗumama wani ɗan kofin ƙarfe, ya ɗebi narkakken da nake shirin zubawa, ya sa cikin bututun ya rufe, ya kunna kwamfaresa ta zuƙe iskar ciki. Ya ce in babu iskar waje da za ta danne shi, duk abin da ƙarfen ya ɓoye zai kumburo. Bayan 'yan mintoci ya buɗe, saman abin ya yi tozo ya faffashe. Ya sanyaya shi, ya sa zarto ya raba shi biyu, ya miƙo min. Cikinsa sak cikin burodi. Na juya, na sake juyawa, sannan na ce ai injinsa ne ya hura masa iskar.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai leƙo yau. 'Yarsa ta fari, Rukayya, ita ta gaje shi, tana aiki a ɗakin gwaji na wani kamfani. Da ta zo gaishe ni da sallah ta nuna min a waya yadda suke yi yanzu. A auna ɗan ƙarfen a sarari, a sake auna shi a cikin ruwa, lamba ta fito a allo ta faɗa maka ko akwai ramuka, ba wanda ya taɓa zarto. Na san halinsa. Zai yi murna har ya rasa inda zai sa kansa, ya zaga gari yana cewa 'yarsa ce, sannan ya ɓata fuska ya ce duk da haka a ba shi zarto ya gani da idonsa. Waɗanda zai kwashi rigima da su kuwa su ne wasu masu zubin yanzu. Injin hura wuta ya samu, kafin ka ce me ƙarfe ya yi ja, a zuba a goge a shafa fenti mai ƙyalli, in tukunya ta yi gumi a goga mata sabulu ta kai kasuwa. Ban ce duka ba, akwai masu tsoron Allah. Kuma ba ni da bakin zagin kowa, don sabulun nan ni ma na taɓa gogawa.

Abin da ya raba gardamarmu shi ne tukwanen Hajiya Gambo. Mai abinci ce a bakin titi, rumfarta ba nisa da tawa, kuma inda ta sayi tukunya nan sauran mata suke saye. Ta yi min kara saboda mahaifina har ta gaji. Ana tsakiyar damina ta zo ta ce tana son manyan tukwane uku ran Alhamis, za ta ciyar da masu aikin wata babbar gona. Ta ce in ɗaya ta yi ɗigo ta bar ni ke nan har abada, kuma duk wadda ta tambaye ta dalili za ta faɗa mata. Hajiya ba ta magana biyu. Na san in ta juya baya, rumfar ubana ta rufu.

Ran Laraba tun da safe na hura wuta, gari duk a jiƙe. Na dake ƙasa a akwatunan zubi uku, aikin da ya ci min kwana biyu. Wajen azahar ƙarfe ya yi ja yadda nake so. Tasi'u ya ɗebi nasa ya gwada, ya yanka, ya ce kada a zuba. Na ce gobe Alhamis. Ya ce ya sani. Na sa awartaki na ɗaga kaskon narkakken ƙarfen, sai bawan Allahn nan ya tattare rigarsa ya haye akwatin farko, ya zauna daidai bakin zubin ya harɗe ƙafa.

"Sarkin Rariya, in zubin za ka yi, bismillah, fara da ni. In ka nufi na biyu can zan koma."

Na zage shi tas. Na ambato kakanninsa, waɗanda rabinsu nawa ne. Mutane suka taru suna dariya, ba mai shiga tsakani tunda kowa ya san taubasai ne. Shi kuwa goro ya ciro yana ɓantara. Mutum ba ya daɗewa yana ihu da kaskon wuta a hannu, dole na mayar da shi murhu.

Daga nan shi ya koma mai ba da umarni. Ya sa na janye wuta, aka bar ƙarfen ya daskare a hankali cikin kaskon don iskar ta samu hanyar fita. Ya gasa ludayi da duk abin da zai taɓa narkakken, ya samo busasshen gawayi wurin mai tsire. Washegari muka sake narkarwa yana tsaye a kaina kada in wuce da wuta. Ya barbaɗa soyayyen gishiri a sama, ya kwashe dattin a hankali, ya ƙwace sandar tuƙina ya cilla kan rufi. A gwaji na biyu ramukan sun ragu, amma ya ce da saura, a sake. Na kusa haɗiyar zuciya. Sai ran Juma'a da safe zarto ya fito da fuska sumul kamar bayan cokali, sannan ya ce in zuba.

Alhamis dai ta wuce ba tukunya. Hajiya ta yi aron tukwane ta fita kunya da ƙyar, sannan ta zo ta wanke ni soso da sabulu. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyi. Na nuna Tasi'u na ce ga wanda ya ɓata min lokaci da wasan yaransa. Yana zaune yana ji, murmushi kawai ya yi. Ran Asabar ta karɓi tukwanen, ta cika su da ruwa ta ɗora kan busasshiyar toka wuni guda, toka ba ta jiƙe ba. Nan da nan labari ya juya, wai Haladu ya gano sirrin ubansa. Matan Tudun Wada suka dawo, na Bebeji suka biyo baya. Ni kuwa in an yaba sai in gyara hula in ce aikin gado ne. Tasi'u ya ci gaba da zuwa da zartonsa har shekara shida, har ciwon da ya ɗauke shi. Bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai ya koma ce min Sarki mai murabus.

In aka zo lissafin abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Gona ɗaya, gida ɗaya, 'ya'ya masu tarbiyya. Babu tukunya ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa. Kwamfaresarsa ta daɗe da mutuwa, ta uku ce nake amfani da ita yanzu. Amma har gobe a rumfata ba a zubi sai an yanka an duba, ko da mai kaya yana tsaye yana buga ƙafa, kuma na ga wasu maƙera biyu sun kwaikwaya ba su san daga inda abin ya samo asali ba. Ina kewarsa ƙwarai. Tun da ya tafi ba wanda ya ƙara zagina yadda ya kamata.

Juma'ar da ta wuce na ce abin ya isa. Hajiya Gambo ta manyanta, 'ya'yanta ke riƙe da rumfar, ita tana kan kujera tana ba da umarni. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe labarin kaf na faɗa mata, har da ƙaryar da na yi masa a gabanta. Ta bari sai da na kai aya.

"Haladu, yau ne ka zo min da labari? Ranar da kake ihu yana zaune kan akwati, ina tsaye a bayan mai walda. Tukwanena na zo dubawa, na ɓige da kallo."

Na ce, "To Hajiya, me ya hana ki faɗa duk shekarun nan?"

"Shi ya hana ni. Har nan ya biyo ni ya ce rumfar ubanka ce, da sunanka ya kamata ta tashi. Wai in aka ji wani ne ya gyara, ba za ka ƙara ɗaga kai a kasuwa ba."

Ta nuna min wata samira a rufe a gefe, ta ce ta gidan Tasi'u ce, tun rasuwarsa duk Juma'a sai an kai, kuma daga cikin tukwanen nan uku ake zubawa. Ta ce tunda na kawo kaina, yau ni zan kai.

Na ɗauka da zafinta na bi bakin titi, ina dariya hawaye na zuba, ban ajiye ba sai ƙofar gidansa. Na yi sallama na faɗa wa mai ɗakinsa abin da na faɗa wa Hajiya, yanzu kuma ga shi na faɗa wa kowa. Duk matar da ke da tukunyar Haladu a madafinta, in ta ɗora ta ga wuta ba ta yi cus ba, kada ta sa min albarka. Tasi'u za ta yi wa addu'a.