Shekarar da Na Zama Bakin Yaya

Ni tela ne, kuma ban taɓa son ƙwallo ba. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya ɗauka masani ne yake magana. Ɗan abin da na sani a kanta ta taga yake shigo min, domin shagona a Ƙaraye yana jikin teburin mai shayi, kuma a teburin nan rana ba ta faɗuwa ba a sauke wani koci an naɗa wani ba.

Yayana, wanda nake bi, shi ne kocin ƙungiyar unguwarmu. Da safe malamin firamare ne, da la'asar ya rataya usur ya nufi fili. Ya daɗe yana wannan wahala, ba albashi ba godiya, har yaran da ya fara da su suka yi aure suka haihu. Murya kam Allah ya ba shi. In ya daka wa ɗan baya tsawa, ina kan keken ɗinki nake jiyo shi. Amma kofi bai taɓa kawo wa unguwa ba, ko sau ɗaya.

Ni kuwa ba na raga masa. Duk ranar da aka lallasa su ya biyo ta shagona da muryarsa a dishe, sai na ce, "Yaya, wai me kake yi a wajen nan? In yaran sun iya, za su ci ko kana gida kana barci. In ba su iya ba, ko maƙogwaronka zai tsage ba abin da zai canja." Shi kuma ya ce in yanka yadi in ajiye, mu ga ko zai ɗinka kansa. Haka muke yi, mun fi shekara goma muna yi, babu wanda ya taɓa sauka daga kan bakansa.

Sai ga wata damina ya yanke jiki ya faɗi a cikin aji. Hawan jini ne. Aka kai shi asibiti a Kano, aka dawo mana da shi ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, "to". Ka gaishe shi, to. Ka tambaye shi inda ke ciwo, to. Amma hankalinsa garau yake, duk abin da aka faɗa yana ji yana ganewa, kuma wannan ne ya fi cin raina. Ya kwanta ya juya wa duniya baya. Matarsa ta kai tuwo, ta kai kunu, ta dawo da su yadda ta kai. Mutumin da ƙofar shagona take masa kaɗan, na zo ina ɗaga shi da hannu ɗaya.

Wata la'asar ina zaune a ɗakinsa, yaran ƙungiyar suka wuce ta bayan katanga za su fili, ɗaya yana buga ƙwallo a ƙasa. Sai na ga Yaya yana kokawa da katifa yana neman tashi. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗora shi a babur, na ɗaure shi a bayana da rawani, na sa aka biyo mu da kujerar roba. A bakin fili ya zauna har aka tashi. Ranar ya cinye tuwonsa, ya miƙa kwano a ƙara masa. Daga nan na gane cewa filin nan shi ne abin da zai riƙe shi a duniya, kuma na rantse ba mai raba shi da kujerar nan ina numfashi.

Mai neman raba shi da ita bai daɗe ba ya bayyana. Akwai wani Alhaji mai sayen hatsi, shi ke saya wa yaran riguna, shi ke biyan mota in za a je wasa wani gari, don haka ƙungiyar a hannunsa take. Ya zo fili, ya gaida Yaya gaisuwa mai tsawo, ya jiki, ya iyali, Allah ya sa kaffara ne. Sannan ya ja ni gefe. Ya ce shi ba mugu ba ne, amma gasa ta matso, kuma koci da baki yake aiki. Akwai wani yaro da ya yi kwas a Kano, zai ɗauko shi.

Na ce, "Alhaji, wa ya gaya maka ba ya magana? Ku ne ba kwa ji. Ni da muka sha nono ɗaya ina jin sa sarai."

Ya ce to, bismilla. Na taka na je gaban Yaya, na kai kunnena bakinsa. Ya ce, "To." Na miƙe na buɗe murya na ce, "Koci ya ce ku daina tsayuwa kamar masu jiran mota, ku motsa." Wallahi sai ga yara sun zabura. Na waiwaya na kalli Yaya. Ya zuba min ido ya daɗe, amma bai girgiza kai ba. Alhaji ya ce zai sa ido ya gani, ya shiga motarsa.

Daga ranar zama ya ƙare min. Ni da nake toshe kunne in an fara musun ƙwallo, na koma ina rage gudun keke don in tsinci kalmomi daga teburin mai shayi. A buɗe gefe. A matsa su a gidansu. A riƙe tsakiya. Rabinsu ban san ma'anarsu ba, haddacewa kawai nake yi in je fili in juye. Mun ɗan samu wata hanya ni da Yaya: in raɗa masa abin da nake shirin faɗa, in ya yarda ya matse wuyan hannuna sau ɗaya, in bai yarda ba ya ture ni. Amma ƙwallo ba ta jiran raɗa. Mafi yawan lokaci kafin in sunkuya abin ya wuce, sai in faɗi duk abin da ya zo bakina, in jingina masa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne, sai muka fara ci. Muka ci na farko, aka ce sa'a. Muka ci na biyu, muka yi kunnen doki, muka sake ci. Ƙungiyar da ta saba dawowa gida ana mata ihu, ga ta yara suna bin motarta da gudu. A teburin mai shayi har wani mai bakin tsiya yake cewa tun da Koci ya rage surutu ƙwallonsa ta gyaru. Saura kaɗan in watsa masa shayinsa a fuska.

Akwai ranar da ba na mantawa. Na raɗa wa Yaya a cire wani ɗan gaba a sa wani siririn yaro da ke benci. Ya ture ni. Ni kuma kaina ya yi zafi, na miƙe na ce Koci ya ce a yi canji. Ya damƙi hannuna da hannunsa mai lafiya har sai da farcensa ya shiga. Yaron ya shiga, taɓawarsa ta biyu ya zura ƙwallo a raga. Mutane suka zo suna dafa kafaɗar Yaya suna cewa kai ne gwani. A hanyar gida bai riƙe rigata ba kamar yadda ya saba. Na ci musun da muka yi shekaru muna yi, kuma ban taɓa cin abin da ya yi min ɗaci a baki irinsa ba.

To amma ko wannan bai tsaya min wuri ɗaya ba. Wata rana zazzaɓi ya hana shi fita, na je ni kaɗai da saƙonnin da na ce ya ba ni daga gida. Kalmomin nan dai su ne, muryar ita ce, amma yaran suka yi wasa kamar kajin da ruwa ya daka, aka ɗura mana uku. Sai na rasa inda zan sa kaina. In surutun tela yana cin wasa, me Yaya ya yi shekaru yana yi? In kuma ba shi da amfani, me ya sa suka watse ranar da kujerarsa take wayam? Ina ɗinki ina wannan lissafi, har na taɓa haɗa wa wani dattijo hannun riga a baibai, ya zo ya wanke ni tas, kuma da gaskiyarsa.

Muka kai wasan da za a je Rogo, wanda in an ci an shiga na ƙarshe. Ana gobe Alhaji ya tsaya a ƙofar shagona, ko daga mota bai fito ba. Ya ce mutane suna ta kawo masa maganganu, don haka gobe shi da kansa zai zauna kusa da Koci ya ji da kunnensa. In ya ji, shi ke nan. In bai ji ba, in yi haƙuri.

Ranar kuma kayan wani ango suna hannuna, ɗaurin aure washegari, abokansa sun zauna min a shago sun ce ba inda za su sai da kaya. Na sa Yaya a motar 'yan wasa, na ce ina gamawa zan biyo su a babur, kafin a busa usur na iso. Na gama, na kama hanya ina gudun da ban saba ba. Na yi nisa, gonakin masara hagu da dama, sai tayar baya ta yi faci. Na sauka na shuri babur ɗin, na zage shi, na zagi angon da abokansa, sannan na kama turi. Gumi har cikin idona. Abu ɗaya nake gani a raina: Alhaji ya kai kunnensa, Yaya ya ce "to", yara sun tsaya suna jiran magana, babu. Kafin in samu mai faci a wani ƙauye ya gama jan jikinsa, rana ta karkata.

An dawo daga hutun rabin lokaci na isa filin Rogo Sabon Gari. Na jefar da babur na kutsa cikin mutane. Ga Yaya a kujerarsa, ga Alhaji a gefensa ya harɗe hannuwa. Ina shirin ƙarasawa ƙwallo ta fita waje, sai na ga kyaftin ɗinmu, wani dogon yaro ɗan Fulanin ƙauyen Jajaye, ya rugo bakin layi. Ya durƙusa gaban Yaya, ya kai kunnensa bakinsa, ya gyaɗa kai sau biyu, ya miƙe ya ce, "Koci ya ce a buɗe gefe." Ya koma da gudu. Can an jima wani daga benci ya yi haka. Bayansa gola ma ya aiko a tambayo masa. Kowa ya sunkuya sai ya taso da magana a bakinsa, babu mai ko murmushi.

Na tsaya a inda nake. Daɗi ya kama ni har idona ya ciko. Sai da na matsa kusa na ga fuskar Yaya, daɗin ya koma ciki. Ba fili yake kallo ba, ƙasa yake kallo, tsakanin takalmansa. Ko da muka zura ƙwallon da ta ba mu wasan, mutane suna tsalle a kansa, bai ɗago ba.

Da aka tashi Alhaji ya kama hannuna yana dariya. Ya ce shi dai bai ji komai ba, amma tunda yara suna ji, kunnensa ne ya tsufa. A bar Koci a kujerarsa, maganar yaron Kano ta mutu.

A jikin mota na tare kyaftin na tambaye shi tun yaushe suka gane ni nake ƙirƙirar maganar. Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, tun ranar farko. Mun girma da muryar Koci a kunnenmu, mun san ba haka yake magana ba. Amma in yana zaune a wajen, kunyar tsayawa muke ji." Na ce to shi fa, kun san bai san kun sani ba? Yaron ya juya ya shige mota.

Nan ne abin yake. Duk watannin nan Yaya ya ɗauka ƙaryar tamu ce mu biyu, yaran kuma da gaske suke jin umarninsa suke gudu. Da wannan yake cin tuwo. Ranar Rogo, da suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gyaɗa kai ga maganar da bai yi ba, ya gane lallaɓa shi ake yi, kowa da kowa, har da yaran da ya koya wa ɗaure takalmi. Alheri suka yi masa, ban ce ba, kuma da ni ne a matsayinsu abin da zan yi ke nan.

Washegari da la'asar na kawo babur ƙofar gida, na shiga ɗauko shi. Na tarar da shi a zaune, ya yi wanka, matarsa ta sa masa riga mai tsabta. Na ce, "Yaya, tashi mu je, kujerarka ta tabbata, Alhaji da bakinsa ya faɗa." Ya girgiza kai. Na ce wasan ƙarshe ne fa ke gabanmu, kofin da ka yi shekaru kana nema. Ya girgiza kai. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce ashe duk wahalar da na sha a banza, na faɗi maganganun da ƙani bai kamata ya faɗa wa yayansa ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna min tabarmar da ke gefensa.

Na fita na kashe babur ɗin da na bari yana aiki, na dawo na zauna. Daga fili muna jiyo yaran sun fara, wani yana kiran wani ya ba shi ƙwallo. Matarsa ta leƙo ta tambaya ko ta kawo abinci. Bai sake taka filin nan ba.