Safiyar Mama a Edgbaston

Gari bai waye ba muka kama hanya daga unguwar Rusholme ta Manchester ranar Lahadin ƙarshen Oktoba, kuma da gardama muka fara. Abokina mai mota ya dage bakwai ta yi, ni kuwa wayata shida take nunawa. Sai da ya duba tasa ya tuna a daren aka mayar da agogon ƙasar baya da awa guda, shi kuma da agogon bangon kicin ya yi aiki. Tunda an riga an fito, muka ce a tafi kawai.

Birmingham muka nufa, gaida Mama. Tsohuwar nas ce 'yar Pankshin, wadda ta daɗe a unguwar Moss Side kusa da mu. Lokacin da muka zo karatu, gidanta ne gidanmu. Ita Kirista ce, mu Musulmi, amma saboda mu take zuwa har wurin mai naman halal, ta kuma ajiye mana darduma a bayan ƙofar falo. Yanzu tana wurin 'yarta a unguwar Edgbaston ta Birmingham. 'Yar ce ta kira ni ta ce tsufa ya fara taɓa tunanin Mama, in za mu zo mu zo tun tana gane mutane.

Hanyar Wilmslow Road da ba ta rabo da bas-bas ta yi tsit, gidajen abinci duk a rufe. Muka ratsa ta Moss Side don mu ga tsohon gidan. An sake wa ƙofar fenti, an cire labulen nan mai furanni. A bakin ƙofar na taɓa tsayawa ina rawar ɗari cikin 'yar rigar da na zo da ita daga Zariya, Mama ta fito ta yafa mini kwat ɗin marigayi mijinta.

A kan babbar hanyar M6 hazo ya kwanta, tumaki na kiwo, ganyaye sun yi ja sun zube gefen titi. Mun tsaya shan shayi kusa da Stafford. Ruwan zafi ne da ɗan ganye, amma kuɗinsa ya isa mai shayin Samaru ya haɗa maka da burodi da ƙwai har ya bi ka da addu'a.

Mun isa da wuri, muna jin nauyin buga ƙofa. Ashe Mama ta riga kowa shiri. Ba wanda ya taɓa agogon ɗakinta, don haka ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci, tana zaune tana faɗan an makarar da ita. 'Yar ta raɗa mana cewa mun yi sa'a, da safe ne hankalinta ya fi zama.

Na durƙusa na ce, "Mama, kun gane ni?"

Ta ƙura mini ido, sannan ta yi dariya. "Ɗan Zariya mai jin sanyi. Ina ka kai kwat ɗina?"

Muka zauna tana ta zuba tsohon labari. Ta tuna shekararmu ta farko, da aka juya agogo irin na yau, muka ga duhu tun kafin biyar muka zo mata a firgice, ta zaunar da mu ta zuba mana gwate, ta ce wanda cikinsa ya cika ba ya tsoron dare. Ta tambayi abokan karatunmu ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ni kaina na manta sunansu.

Da suka tafi coci muka zaga bakin kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa ta ratsa garin, da harabar jami'a, muka dawo muka ci tuwo da miyar kuka tare. Amma rana na yin sanyi Mama ta fara canzawa. Duhu ya shigo da wuri, ta riƙa leƙa taga tana neman jakarta. Da muka zo sallama ta tambayi 'yarta ko mu 'ya'yan wane ne. Ba ta jira amsa ba ta kama hannuna ta ce, "Ku tafi tun da sauran haske, yarana. Hanyar Jos ba ta da kyau da dare."

Muka shiga mota muka kamo hanya, muka wuce Stoke cikin duhu.

Mun iso Manchester lafiya bayan isha'i. Tafiyar nan ta nuna mini cewa gaida tsoho ba abin da ake ɗagawa zuwa hutu mai zuwa ba ne. Ko takalmi ban cire ba na kira Inna a Zariya, inda yanzu suke gaba da mu da awa guda. Ta ce lafiya na kira ba ranar Juma'a ba? Na ce lafiya lau, ta ba ni labarin gida kawai, kowane iri ne.