Waƙar Japan a Bayan Muryar Yaya

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa a unguwarmu ta Koki yana jiran wani abu. Masu shago suna jiran kaya su sauko, samari suna jiran aiki, ni kuma na gama makarantar horon malamai ina jiran a kira ni, shiru. Na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in hau bene in leƙa lungu, in sauko in sake share inda na share. Inna ta ce ko kaza mai neman wurin ƙwai ta fi ni natsuwa.

Abin da gidanmu yake jira kuwa shi ne Yaya, babban wanmu. Bayan rasuwar Baba ya bi wani Alhaji maƙwabcinmu, mai sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa, suka tafi Dubai. Alhaji yana zuwa yana dawowa, Yaya ya zauna can, a wani fili inda ake kwance tsofaffin motocin Japan ana sayar da kayansu. A cikin motocin nan yake tsintar kaset-kaset da masu su suka manta. Ɗaya daga ciki ya toshe wa ramin da ke hana ɗaukar murya da takarda, ya ɗauki muryarsa a kai, ya ba Alhaji ya kawo mana. Mu ma muka juya bayan kaset ɗin muka ɗauki tamu gaisuwar, muka mayar. Haka kaset ɗin nan ya yi ta kai da kawowa shekara da shekaru, har rubutun Japan ɗin da ke jikinsa ya koɗe.

Yaya marowacin magana ne. Sallama, yana lafiya, zafi ya yi yawa, a gaida wane da wance, a riƙe salla. Sai ka ji ƙwas, ya kashe. Daga nan wata mata ta ɗauka da waƙa. Kullum a daidai wurin yake tsayawa, kullum waƙar ce take biyo shi. Abin yana ba ni haushi. Mutum ya samu kaset guda, ya yi maganar da ba ta kai a dafa shayi ba, ya bar mana baƙuwa tana kuka da yaren da ba ma ji.

Mu da waƙar Indiya muka saba, wadda ko kuka ake yi sai an taka rawa. Wannan babu ganga a farkonta. Fiyano ne yake sauka a hankali, matar ta shigo da murya ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada ta tashi jariri. Tana tafe tana riƙe kanta, tana riƙewa, sai can ta ɗaga, muryar ta yi rawa, har ka ce yanzu za ta fashe. Ba ta fashewa. Sai ta haɗiye, ta koma ƙasa, ta sake farawa. Matan maƙwabta sun sha musu a kanta. Wata ta ce mijinta ne ya mutu, wata ta ce saurayi ne ya yaudare ta. Ni dai abin da nake ji shi ne mutum yana bakin ƙofa yana kallon bayan wanda yake tafiya, yana so ya kira shi, ya fasa. Kuma wannan fasawar ita take tayar mini da hankali. Sau da yawa nakan ji kamar in shiga cikin rikodar in girgiza ta.

Inna Bafulatana ce, iyayenta ne suka bar kiwo suka zauna a birni, amma kunyar ɗan fari ba ta bari ba. Yaya shi ne ɗanta na fari. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take cewa, ko yayanku. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ranar da zai tafi ma tana ɗaki ya yi mata sallama daga bakin ƙofa. Idan Alhaji ya aiko da kaset muka taru, da an ji sallamar Yaya sai ta tuna akwai tukunya a wuta. A bayan kaset kowa yana magana, har jikokin maƙwabta, ban da ita. Ni nake cewa Inna tana gaishe ka, alhali ba ta aike ni ba.

Abin da na lura da shi, ba ta dawowa sai an ji ƙwas ɗin nan. Da waƙar ta fara sai ga ta da faifai da wake, ta zauna nesa kaɗan tana tsinta. In na kai hannu zan kashe, ta ce in bar shi, ai batirin ya riga ya ɗumama.

Da damina ta kama, Alhaji ya dawo da kaset, kuma wannan karon akwai magana. Yaya ya ce maigidansa zai buɗe wani fili a wata ƙasa da ta fi nisa, yana so ya tafi da shi na shekaru. Ya ce kuma yana jin labarin gida, wai farar hula sun hau, harkoki za su buɗe, abokansa suna ta komawa. Ya rasa na zaɓa. Sai ya rufe da cewa:

"Idan Inna ta ce in dawo, zan dawo. Idan ba ta ce komai ba, na san ta yarda in tafi."

Ƙwas. Matar ta fara waƙarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shi da ya san uwarsa, shi zai ɗora tafiyarsa a kan shirunta? Matar da ko sunanka ba ta faɗa, ita za ta zauna gaban rikoda ta roƙe ka? Na same ta a murhu na maimaita mata, duk da na san ta ji, don katangar da ta raba murhun da tsakar gida ba ta kai kafaɗa ba. Ta ce ai namiji ne, ya san abin da ya dace da shi. Na ce to ni zan faɗa masa ta ce ya dawo. Ta ɗago ta dube ni, ta ce kada in kuskura in sa mata magana a baki. Ko da ma na yi, Yaya ya san irin gaisuwar da nake ƙirƙira, ba zai ɗauka ba.

Alhaji kuwa ba zai daɗe ba, kaya kawai ya zo saukewa. Kwanakin nan ban zauna ba. Na je wurin ƙanwar Baba a Gwammaja in roƙe ta ta sa baki, ta yi dariya ta ce mu yaran boko komai sai an faɗa mana da baki. Na dawo na yi fushi da Inna, na daina cin tuwonta, na ga ba ta kula ba, na koma ci. Ita kuma ta shiga wanke abin da ba shi da datti. Ta fito da kwanukan aurenta ta goge, ta mayar, washegari ta sake fito da su. Ina jin ta tana rera waƙar nan ta hanci, da ta ga inuwata sai ta yi tari.

Ranar da Alhaji ya aiko a kawo saƙo, da hantsi, kowa ya ɗauki gaisuwarsa ya watse. Na zauna da rikoda a cinya, na ƙi cire kaset. Ɗan aike yana zaure yana ta sallama. Inna ta wuce ni ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake shiga. Can ta ce in kawo abin nan in ajiye, in danna, in ba ta wuri.

Na danna, na fita, amma iyakata bayan labule. Kaset yana ta juyawa. Ina jin zakaran maƙwabta, ina jin mai tallan manja a lungu, duk suna shiga cikin saƙon. Sai na ji ta fara, ta hanci, ƙasa-ƙasa, waƙar matar Japan tun daga farkonta. Ba kalma ko ɗaya, karin ne kawai. Ta bi shi har wurin da ake ɗagawa, muryarta ta yi rawa, ta haɗiye. Na tsaya riƙe da labule ina hawaye, ina kuma jin haushin kaina. Da ta kai ƙarshe ta yi gyaran murya, ta ce:

"A gaya wa wancan, ɗakinsa yana yoyo."

Ta kira ni in zo in kashe, kada batir ya ƙare a banza.

Kafin ruwan damina ya ɗauke, Yaya ya sauka, ya rame, ya yi baƙi, da jaka ɗaya. Inna tana jin hayaniya a zaure ta shige ɗaki ta saki labule. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa daga ciki, ta tambayi lafiyar Alhaji, ta ce da ni in kawo wa baƙo ruwa. Ina raka shi da jakar na tsokane shi, na ce yanzu sai ya biya mu bashin maganar da ya hana mu. Ya ce ba rowa ba ce. Yana tsoron ya wuce wurin ne ya shafe waƙar, don waƙar ce ainihin abin da yake aikowa, ya zaci ma ba mai saurare.

Na buɗe masa ɗakin. An kwana ana ruwa, amma daɓen a bushe yake ƙayau, shi da kansa ya sa aka rufa ɗakin da kwano kafin ya tafi. Ya daɗe a tsaye yana kallon sama. Sannan ya fito, ya koma bakin ƙofarta ya sake durƙusawa.

"Inna, na ga yoyon. Zan gyara."

Ta ce, "To."