Allurar Kawu da Fitilar Likita

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare fararen tabbai suka fito mini a wuya da kafaɗa, bayan damina. Ba ciwo, sai ɗan ƙaiƙayi idan na yi gumi.

A gidanmu kowa likita ne, amma babbansu Kawu, yayan Inna, wanda ya taɓa gadi a wani asibiti wata uku. Ya sa aka kira ni zaure, ya tsaya can nesa yana miƙo wuya kamar mai taya akuya. Ya ce a kawo allura.

"In kuturta ce, ba za ta ji ba," in ji shi.

Gwaggo ce ta soka mini. Na ji har tsakar kaina. Amma dattawa huɗu ne zaune a wurin, ni kuwa an koya mini ba a raki a gaban manya. Na cije leɓe, na kafa wa tabarma ido.

"Kun gani? Ko gezau," Kawu ya ce.

Babu wanda ya tambaye ni. Ranar aka ware mini kwano, aka ce in bar makaranta, alhali jarrabawa saura mako uku.

Inna ce ta kai ni asibiti a Bici ranar kasuwa, ba ta yi shawara da kowa ba. Likitar mace ce, gajeruwa, da tabon biro a yatsa. Ta ɗauko wata 'yar na'ura kamar tocila mai gilashi a baki, ta maƙala a wayarta, ta ɗora mini a wuya. Hannunta na da sanyi. Kwana tara ke nan ba wanda ya taɓa ni.

Ta juyo mana da wayar. Fatata ta zama kamar gonar da aka yi wa huɗa, a cikin kowane kwari ga wani farin gari siriri kwance.

"Mama, kin ga wannan dusar? Ƙyasbi ne. Gumi da zafi yake so."

"An soka mata allura ba ta ji ba, likita."

Likitar ta dube ni. "'Yammata, da gaske?"

"Na ji," na ce, a hankali.

Ta taɓa tabon da auduga, idona a rufe, na nuna mata wurin kowane karo. Ta rubuta man shafawa, ta ce launin zai ɗau watanni kafin ya koma, ta ba mu takarda don makaranta.

Kawu ya riƙe takardar ya daɗe yana dubawa, ko da yake da Turanci take.

"Ai dama na yi zargin haka," ya ce.

Ranar Litinin na sa hijabina na tafi. Na tarar an wuce ni babi biyu a lissafi, na ari littafin ta kusa da ni na fara kwafa.