Ranar da Na Tare Hanya a Filin Golf

Shekarun baya, lokacin ina kai doya kudu daga Kpandai ina dawowa Yendi da kayan kanti, na taɓa wuni a filin golf, kuma saura kaɗan in rushe abin da yayana ya yi wata bakwai yana shiryawa. Na san wasunku za su ce ina Hajiya ina golf. Ku yi dariyarku, ni ma in na tuna yi nake.

Mu 'yan Salaga ne. Yayana ya bar gida tun yana saurayi ya tafi kudu neman aiki, Allah ya kai shi wani filin golf a garin masu haƙar zinariya. Ya fara da yankan ciyawa, ya koma ɗaukar wa manya jakar sanduna, a haka ya koyi wasan har ya fi da yawa cikin waɗanda yake wa dako. Wurin suna da al'ada, ran Litinin tsofaffin ma'aikata suna shiga su buga abinsu. Bayan ya ajiye aiki, Litinin ɗin nan kaɗai yake jira a mako. Rami goma sha takwas ne a filin, kuma a ƙafa yake zagaye su duka. Akwai wata 'yar mota mai batir, kamar yalo-yalonmu, keken hayar nan mai ƙafa uku, sai dai ba ta ƙara, wadda wasu suke hawa daga rami zuwa rami. Yayana ko kallonta ba ya yi. Cewa yake duk wanda ya hau ta shan iska ya zo.

Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya taɓu. Allah ya sa hannun ya dawo, amma ƙafar ta zauna tana ja. Likita ya ce maganinsa tafiya. Ya yi ta zagaya tsakar gida, daga baya unguwa, har wata bakwai. Ina Yendi matarsa ta kira ni a waya.

Ta ce, "Yayanki ya yi rantsuwa. Litinin mai zuwa zai koma filin. Wai in ya kasa gamawa a ƙafa zai ba da sandunan kyauta, ba zai ƙara fita ba. Kin san shi, in ya zauna a kujerar nan ya zauna ke nan. Na ce ya hau motar, ya yi mini kallon banza. Ki zo, ke kaɗai yake shakka."

Na hau lori na tafi, da niyyar in tilasta masa hawan motar. Ban gama buɗe baki ba ya ce, "Auta, in faɗa ya kawo ki, tasha ba nisa. In taimako ne, ga jaka can."

Haka na zama mai ɗaukar jaka. Da sassafe muka isa, muka tarar da abokinsa yana jira, wani tsoho ɗan Bawku da suka yi aiki tare tun suna samari. Jakar tana da igiyar ratayawa a kafaɗa, na gwada na ji tana karya mini wuya. Na naɗe ɗankwali na yi gammo, na aza ta a kai. Tsohon nan ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya kwatanta ni da mata 'yan dakon kasuwa, ya ce wa yayana, "Kayayo ka yi haya tun daga Yendi?"

Na ce, "Baba, doyar da nake ɗauka ta fi ka nauyi har da sandunanka. Ka yi ta kanka."

Kafin mu fara yayana ya jera mini dokoki. In mutum ya ɗaga sanda zai buga, ki yi shiru ko da kunama ce ta harbe ki. Kada inuwarki ta faɗa kan ƙwallonsa. Duk ƙwallon da kika gani a ƙasa ba tsintuwa ba ce, ki bar ta inda take. Kada ki taka tsakanin ƙwallo da rami. Ya ba ni ɗan kati da fensir in riƙa rubuta bugu nawa kowa ya yi. Lokacin ban daɗe da shiga ajin manya na yaƙi da jahilci ba, sai na riƙa zana lambobin nan a hankali kamar mai zanen lalle. Doka ɗaya ce bai gaya mini ba.

Rami biyar na farko lafiya lau. Yana tafiya yana jan ƙafa, amma in ya buga sai ka ji ƙas, ƙwallon ta miƙe. A na shida rana ta fara zafi, ƙafar ta fara nauyi. A nan na lura da mutum huɗu a bayanmu cikin motocin nan biyu. Mu muna rarrafawa, su kafin ka ƙifta ido sun iso, sai su tsaya su harɗe hannu suna jiran mu gama. Ba su matsa mana ba. Amma yayana ya riƙa waiwaye. Da ya waiwaya sai ya ƙara sauri, da ya ƙara sauri sai bugun ya lalace. Ƙwallonsa ta faɗa daji, muka ɓata lokaci muna nema. A wata gangara ya yi tuntuɓe, ba don abokinsa ya tare shi ba da ya kai ƙasa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, numfashinsa har ina ji daga nesa. Raina ya fara tafasa.

A rami na takwas ɗaya daga cikinsu ya tuƙo motarsa ya tsaya kusa da ni. Mutum ne mai jiki, zai yi shekara hamsin. Ya fara gaishe ni da yaren Twi, da ya ga mayafina sai ya juya zuwa Hausar zango.

Ya ce, "Mma, sannu da aiki. Don Allah, ko Baba zai ba mu hanya mu wuce?"

To ku da kuka san Yendi kun san yadda ake. Yaro ba ya tsallake babba a hanya kamar ya ga kututture. Durƙusawa yake ya gaida shi, in da kaya a hannunsa ya karɓa. Ni abin da kunnena ya ji shi ne, a kawar mana da gurgun tsohon nan. Na sauke jakar daga kaina, na gicciya ta a kan hanyar motar.

Na ce, "Ka wuce wa? A gidanku haka aka koya maka? Mutumin nan ya yanki ciyawar wurin nan tun kana tsumman goyo. Ya tashi daga jinya yana takawa da ƙafarsa, kai da ƙafa biyu lafiyayyu ka hau mota kamar amarya, kuma kai ne mai gaggawa? Gobara ake a gidanka? Ba inda za ka. In ka isa ka taka jakar."

Muryata kuwa kun san ta, ta kasuwar doya ce. Har na rami na gaba sai da suka juyo. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mma, gwiwata ta dama ƙarfe ce. In ba motar nan ba, rami uku ba zan yi ba. Ba raini na zo yi ba."

Sai yayana ya daka mini tsawar da rabon da in ji irinta tun ina 'yar talla.

"Auta! Ɗauke jakar nan!"

Ya ƙaraso yana haki, ya ba mutumin haƙuri, sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Gaskiyarsa ce. A wurin nan in kana tafiya a hankali kuma gabanka ba kowa, kai ne za ka ɗaga wa na baya hannu su wuce, ba sai sun roƙa ba. Ko shugaban ƙasa ne haka zai yi. Tun rami na shida ya kamata in ɗaga. Ni da bakina na koya wa mutane wannan." Ya kalli ƙasa. "Tun da nake buga wasan nan ba wanda ya taɓa wuce ni. Tattara kayan mu tafi gida."

An aiko ni in hana shi zama a kujera, ga shi da bakina na kai shi.

Tsohon Bawku ne ya fara magana. Ya ce, "Ni duk ranar da ba ka zo ba wuce ni ake yi, har mata sun wuce ni. Ka ga wani abu ya ragu a jikina? Sai ma tumbi da na ƙara."

Yayana bai yi dariya ba. Na matsa kusa da shi, na sassauta murya, abin da ba kasafai nake yi ba. Na ce, "Yaya, rantsuwar da ka yi, me ka ce a ciki? Cewa ka yi za ka gama a ƙafa. Ka ce kafin azahar? Ka ce ba wanda zai wuce ka? In ka faɗa, mu tafi. In ba ka faɗa ba, ni ban sha wahalar lori tun daga Yendi don rami takwas ba."

Can ya juya baya, ya ɗaga hannu sama, ya yafito sauran ukun. Muka koma gindin wata bishiya muka tsaya tsit har su huɗun suka buga suka wuce. Kowannensu da ya zo daidai mu sai ya taɓa hularsa ya ce, "Mun gode, Baba."

Daga nan tafiyar ta canza. Ba waiwaye, ba haki. In ƙafar ta gaji ya zauna a benci ya sha ruwa. Wasu rukuni uku suka sake cim mana, duk ya ba su hanya tun daga nesa. Ni kuwa da na gane abin sai na zaƙe, duk wanda na hango sai in yafito shi, har da mai injin yankan ciyawa, bawan Allah ya kashe injinsa ya zo yana tambaya ko lafiya. Muka yi azahar a gefen fili, muka yi la'asar, sai wajen ƙarfe biyar yayana ya jefa ƙwallonsa a rami na goma sha takwas. Lambobin da na rubuta masa ranar ba na nunawa ba ne, don a wasan nan mai ƙarancin bugu shi ne gwani.

Mutumin nan mai gwiwar ƙarfe yana zaune a wurin. Abokansa sun tafi tuntuni, shi ya tsaya. Ya tashi yana ɗingishi, ya cire hula, ya ba yayana hannu. Kunya ta ishe ni, na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Mma, ba komai. Amma duk ranar da nake da shari'a, ke zan ɗauka lauya."

Da muka isa gida yayana ya sha koko kofi biyu. Sannan ya cire takalminsa ya miƙa wa matarsa. Ya ce, "A goge mini shi, kada a kai shi ɗaki. Litinin ba nisa."

Ya yi shekara huɗu bayan nan yana zuwa, a ƙafa, ana wuce shi yana ɗaga hannu, har Allah ya karɓi abinsa.

Har yau in na tuna nakan ji kunyar bakina. Na ɗauka mutuncinsa nake karewa, alhali tsayuwar mutanen nan a bayansa ita ke cinye shi, ni kuma na zo na tare su don su ƙara daɗewa a wurin. Na shiga wurin mutane da dokar garinmu a kaina, ban tsaya na tambayi tasu ba. Bakin nawa bai mutu ba, kada ku yi murna, amma yanzu ina tambaya kafin in sauke kaya a hanyar wani.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da mai haƙuri ranar. Da ya rama, da rigima ta tashi, da yayana ya tafi gida daga rami na takwas, kuma na san ba zai dawo ba. Ban tambayi sunan mutumin ba, ban ƙara ganinsa ba. Amma duk lokacin da na ɗaga hannu ina roƙa wa yayana gafara, sai na sa shi a ciki. Allah ya san wanda nake nufi.